Kaduna zuwa Jidda: lissafin da na yi kafin mu tashi da Inna

Inna tana da ciwon suga, kuma allurarta da abincinta da lokaci suke tafiya. Don haka da Allah ya nufe mu da aikin Hajji a 2023, abin da ya fi damuna shi ne sanin awa nawa za mu yi a sama.

Tsakanin filin jirgin Kaduna da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,600 in an miƙe. Babban jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a awa guda, ka ga awa huɗu da 'yan mintoci ke nan. In ka haɗa da hawa da sauka da gangarawa a kan titin jirgi, sai ya tasam ma awa biyar. Haka alhazan baya suka faɗa mini, kuma gaskiyarsu ne.

Sai dai shekararmu ta zo da nata. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, alhali miƙaƙƙiyar hanya daga nan ta Chadi take bi, ta ratsa Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. Dole jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙaru da wajen awa biyu. Nisan da ke kan taswira bai motsa ba, amma zaman kujera ya tsawaita, kuma ƙafar tsohuwa ita ta san bambancin. Na riƙa tayar da ita muna ɗan takawa tsakanin kujeru saboda kumburi.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Jirgin da ya bar Kaduna ƙarfe 10 na safe ya yi awa biyar, agogon Jidda zai nuna 5 na yamma, ba 3 ba. A dawowa kuwa sai tikiti ya nuna kamar awa uku kacal ka yi. Ni dai na bar agogon hannuna a lokacin gida har muka sauka, da shi nake auna allurar Inna, kamar yadda likitanta ya ba mu shawara. Salla kuma da rana take tafiya, kuma mai nufar gabas rana tana saurin faɗuwa masa. Inna ta leƙa taga ta ce, “Kai, ɗan nan, har magariba ta yi?” Na ce, “Ta yi, Inna, rana muka baro a baya.”

A ganina awannin sama su ne mafi sauƙi a tafiyar. Zama a sansanin alhazai na Mando, awon kaya, tantance fasfo, sannan layin shige da fice a can da motar zuwa masauki, in ka tara su sun ninka zaman jirgi. Shi ya sa duk mai rakiyar dattijo nake ce masa ya ƙirga daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki, ya sa magani da dabino da takardar likita a jakar hannu, kada ya bari su bi babban kaya zuwa cikin jirgi inda hannu ba ya kaiwa.