Godiya bayan zaman wayar da kai kan bushewar ido

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiyar ido da muka shirya zaman nan muna miƙa godiya ga duk wanda ya halarta, musamman iyayenmu mata da suka zauna har aka tashi, da 'yan'uwa ma'aikatan jinya da suka yi ta ɗawainiya da jama'a. Allah ya saka da alheri. Tambayar da ta fi yawa ita ce me ya haɗa tsayawar al'ada da ido mai ƙaiƙayi kamar an watsa yashi. Lokaci bai bari mun amsa ta yadda ya kamata ba, shi ya sa muka ga ya dace mu ƙarasa a nan.

A gefen fatar ido, bayan gashin ido kaɗan, akwai bakunan wasu 'yan buhunan mai da ake kira meibomiyan, kimanin 30 a fatar sama, 25 a ta ƙasa. Duk ƙiftawa suna sakin mai siriri da ke rufe hawaye don kada ya bushe da wuri. Homon ɗin androjin, wani sinadari da jiki ke samarwa wanda maza da mata duka suke da shi, shi ne ke zaburar da su. Idan ya ragu, ko don shekaru ko don maganin dajin furostet (wani ƙullutu a ƙasan mafitsarar maza) da ke danne shi, sai man ya yi kauri kamar man goge baki, bakunan su toshe. Daga nan ido ya riƙa zafi, wani lokaci ma ya yi ta zubar da ruwa, mutum ya rantse ba bushewa ba ce. Ita ce.

Maganar estirojin kuwa, wato homon ɗin mata da ke raguwa idan al'ada ta tsaya, ba ta miƙe ba. Wani bincike a Amurka a 2001, kan mata sama da 25,000 da suka daina al'ada, ya nuna masu shan estirojin zalla sun fi fama da bushewar ido. Don haka Hajiya, kada ki fara maganin homon saboda ido, kada kuma ki daina wanda likita ya rubuta miki ba da saninsa ba. Mai ciwon suga, da wanda cutar tayirod (wani ƙullutu a wuya) ta sa idonsa ya firfito har ba ya rufuwa sosai, su ma a duba su.

Gasa ido da ruwan ɗumi don narkar da man shi ne inda aka fi kuskure. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwa mai ɗumin kusan digiri 40, a ɗora kan ido a rufe minti 10. Tsumma kan huce cikin minti biyu, dole a riƙa sake jiƙawa, in ba haka ba man ba zai narke ba. Sai a matsa fatar a hankali da yatsa zuwa wajen gashin ido, a goge gefen. Kullum, makonni a jere, domin buhun da ya daɗe a toshe yana shanyewa, kuma ba kasafai yake dawowa ba.

Mai ɗiga hawayen kwalba fiye da sau 4 a rana ya nemi wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba. Maganin ɗigawa mai sitiroyid kuma a bar shi sai da izinin likita, don yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido.

Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.