Keken da na zaɓa a Bristol

A watannin farko da na yi a Bristol, a kudu maso yammacin Ingila, abin da ya fi cin kuɗina bayan hayar ɗaki shi ne kuɗin bas, kuma abin da ya fi cin lokacina shi ne tsayuwar jiran bas ɗin a cikin yayyafi. Ga shi jiki ya fara nauyi, domin aikina na zama ne. Da na lura cewa manyan ma'aikata a wurinmu, har da waɗanda suka fi ni albashi nesa ba kusa ba, a kan keke suke zuwa, sai na yanke shawarar sayen keke guda ɗaya da zai yi mini ayyuka uku: zuwa aiki, motsa jiki, da kuma tafiya mai ɗan nisa a ranakun hutu.

Keken da na sani tun ina yaro a Zariya shi ne baƙin Rali na mahaifina, mai birkin ƙarfe da kariya a baya, wanda asalinsa daga Nottingham yake, a wannan ƙasar da nake zaune yanzu. Abin da na tarar a shago ya sha bamban da shi. Keken titi, wanda mu kan kira keken tsere, kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa, tayoyinsa sirara ne, giya da birki kuma a maɓalli ɗaya suke. Na matakin farko galibi jikinsa na alminiyam ne, kuma yawanci giyar kamfanin Shimano ake ɗaura masa, wadda take hawa-hawa, a lokacin da na saya: Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sannan 105 wadda ta fi su tsada. Masu sayarwa sukan ja hankalin mutum zuwa ga wannan jeri da kuma rashin nauyin keke, amma a ganina wanda zai riƙa ɗaukar jakar aiki da kwanon abinci kowace safiya ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗi don a rage masa rabin kilo.

Abubuwan da suka yanke mini hukunci ƙanana ne a ido. Na farko, na duƙa na duba ko akwai ramukan ɗaura madigadi da kariya a jikin keken, domin yawancin kekunan da aka ƙera don tsere zalla ba su da su, kuma a ƙasar da ruwa ba ya da damina, keke marar madigadi zai zana wa mutum layin taɓo daga ƙugu har ƙeya kafin ya isa ofis. Sai faɗin taya. A da masu tsere sun fi son milimita 23 ko 25, amma na nemi wanda zai ɗauki 32 tare da madigadi, saboda taya mai faɗi ba ta buƙatar iska mai yawa, tana shanye gargada, kuma ta fi riƙe ƙasa idan titi ya jiƙe. Da wannan dalilin na ɗauki birkin faifai a kan birkin da ke matse gefen wili, wanda kamunsa yake raguwa a cikin ruwa.

Giya ce na fi daɗewa a kanta, domin Bristol gari ne mai tuddai, kuma duk wanda ya taɓa hawan Park Street daga tsakiyar gari zuwa Clifton ya san haka a gwiwarsa. Yawan giya bai dame ni ba kamar sauƙin wadda ta fi kowace sauƙi. Keken da na ɗauka yana da haƙora 50 da 34 a gaba, babban faifan baya kuma yana da 34, wato idan na sa giyar ƙarshe, juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ne. Da wannan nake hawa a zaune, da kaya a baya, ba tare da na sauka na tura ba. Game da girma kuwa, tsawona ya kusa santimita 175, aka gwada mini mai lamba 54 ya yi daidai, ko da yake awon kamfanoni ya bambanta, shi ya sa na ƙi saye ta intanet har sai da na hau na zaga.

Kuɗin ban biya su a dunƙule ba. Akwai tsarin gwamnati mai suna Cycle to Work, wanda aka fara a 1999, inda wurin aiki yake biyan kuɗin keke da kayansa, sannan a riƙa cirewa daga albashi wata-wata kafin a cire haraji. A cikinsa na haɗa fitilu da hular kwano da kwaɗo. Doka ba ta tilasta hular ba, amma ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kuma a Disamba wajen ƙarfe 4 na yamma rana take faɗuwa. Satar keke ta zama ruwan dare, don haka na sayi kwaɗon ƙarfe mai shaidar Sold Secure, masu gwada ƙarfin kwaɗo, na kuma shigar da lambar da ke ƙarƙashin jikin keken a rajistar BikeRegister, wadda 'yan sanda suke dubawa.

Koyon hanya ya fi saye wuya. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, nan kuwa hagu ake bi, kuma a shataletale sai ido ya saba da duban dama tukuna. Birkin gaba ma a hannun dama yake. Tun 2022 ƙa'idar hanya ta ce direba ya bar wa mai keke tazarar aƙalla mita 1.5 idan zai wuce shi, wasu suna kiyayewa, wasu ba sa yi. Babu kuma mai faci a gindin bishiya. Ranar da taya ta fara yi mini faci, a gefen hanya na kifar da keken, yatsuna sun sandare don sanyi, na cire tiyub, na bi cikin tayar da yatsa a hankali har na ji tsinin ƙaramar kwalba, na zare ta kafin na sa sabo.

Hanyar da ta sa na san garin ita ce tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu keke da masu tafiya a ƙasa, mai tsawon mil 13 daga Bristol zuwa Bath, babu mota a kanta. Tana ratsa unguwar Easton, inda nake sauka ranar Juma'a na ciro jallabiya daga jakar kariya na nufi masallacin St Mark's Road, sannan ta wuce ta Fishponds ta shiga tsohon ramin jirgin ƙasa na Staple Hill. Daga Bath kuma gefen magudanar Kennet da Avon, hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen ruwa, yana kai mutum Bradford-on-Avon har Devizes, a kan tsakuwa da laka a wurare da dama, inda tayoyin nan masu faɗi suke biyan kuɗinsu. Gishirin da ake watsawa a tituna lokacin hunturu yana cin sarƙa, don haka duk ƙarshen mako nake goge ta na sa mai, kuma kafin bazara zan canza ta, saboda ina da niyyar bin magudanar nan har Reading.