Wata bakwai ina ɓoye aikina, tambaya biyu suka rushe shi

Ƙannena da ke shirin fara bincike a fannin kwamfuta, lissafi ko fiziks, akwai abin da ya same ni a Samaru lokacin da nake digiri na biyu, wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Shekara guda cur ya ci mini, kuma ba wanda ya jawo mini shi sai ni da kaina.

Aikin da na ɗauko shi ne koya wa kwamfuta gane baƙaƙen ajami rubutun hannu. Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, a makarantar allo na fara riƙe alƙalami, don haka abin ya shiga raina ƙwarai. Rubutunmu ya bambanta da ɗab'in ƙasashen Gabas: fa ɗinmu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare ta a sama. Manhajar da ta saba da rubutun Masar ba lalle ta gane namu ba. Na bi zaure-zaure tun daga Ƙofar Doka har Tudun Wada ina roƙon alarammomi da gardawa su rubuta mini baƙaƙe a farar takarda, kowanne da siffofinsa: mim ara, mim jaye, ha kuri, kaf lasan da sauransu. Mutum 12 suka amsa mini, Allah Ya saka musu da alheri.

Da na ɗauki hotunan sai na ga sun yi kaɗan. Na yi dabarar da aka saba yi, wato ninka su: kowane hoto in ɗan karkata shi dama, in karkata shi hagu, in ƙara wa tawadar kauri, in rage, har guda ɗaya ya haifi 10. Dabarar halas ce, babu laifi a cikinta. Bayan nan na zuba su duka wuri ɗaya, na cakuɗa, na ware kashi 80 cikin 100 don horar da na'ura, kashi 20 don gwada ta.

Wani dare cikin hunturu, a ɗakina na haya, ina lulluɓe da bargo, lambar ta fito a fuskar laftof: kashi 98 cikin 100 daidai. Na tashi na yi sujadar godiya. Daga wannan daren kuma na rufe aikin ruf.

Dalilina biyu ne. Ina tsoron kada wani ya ɗauke dabarar ya riga ni bugawa, kuma ina jin kunyar a ga rubutun manhajata, domin a hargitse yake. Malamin da ke duba aikina ya ce in kawo masa yadda na raba bayanan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum sai in kai masa jadawalin sakamako kaɗai, in ce sauran ina kan kimtsawa. Wata abokiyar karatunmu, wadda duk ajinmu ba mai kama ƙafarta a ilimin ƙididdiga, ta ce in ba ta ta gwada a kwamfutarta. Na yi ta yi mata hanya-hanya har ta daina tambaya. Haka na yi wata bakwai, na rubuta babi huɗu a kan lambar nan.

Ranar semina na gama bayani, an fara tafi, sai wani dattijon malamin lissafi da ke zaune can baya ya ɗaga hannu.

"Malam, mim ɗin nan da ka gwada na'urarka da ita, hannun wa ya rubuta ta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya daga cikin mutum 12 ɗin nan ne."

"Madalla. To ninka hotunan da ka yi, kafin rabawa ka yi ko bayan rabawa?"

Bakina ya bushe. Tun kafin in amsa na ga ramin da na faɗa. Mim guda ta alaramma guda ta haifi 'ya'ya 10, takwas sun tafi wajen horarwa, biyu sun tafi wajen gwaji. Ashe abin da nake kira gwaji, nuna wa na'ura nake yi hoton da ta riga ta gani, an ɗan karkata shi kawai. Duk wanda ya yi allo ya san yaron da zai rera maka karatunsa tiryan-tiryan daga sama har ƙasa, amma in ka ɗora yatsa a kan baƙi guda a tsakiya ka ce mene ne wannan, sai ya yi zuru. Na'urata hadda ta yi, ba ta san baƙi ba.

Dattijon bai muzanta ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, je ka ware marubuta uku gefe tun daga farko, kada na'urar ta ko ji ƙanshin rubutunsu. Ka horar da ita da na sauran tara, ka gwada ta da na ukun nan, sannan ka dawo mana da abin da ka samu." Na je na yi. Lambar ta sauko 71. A daren nan ko tuwo ban iya ci ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, da na ba abokiyar karatun nan tawa aikin tun farko, cikin minti 10 za ta gano. Laifi tudu ne, kuma kuskuren bincike ya fi kowanne iya ɓuya a ƙarƙashin ƙafar mai shi, musamman in sakamakon ya yi daidai da abin da zuciyarsa ke so. Da 40 na samu a daren farko, da na kwana ina tonon inda matsalar take. Da yake 98 ce, ko sau ɗaya ban waiwaya ba.

Manyan masana ma ba su tsira daga kuskure ba, bambancin yana ga abin da suke yi da sakamako mai ban mamaki. A watan Satumba na 2011, masana fiziks masu wani gwaji da ake kira OPERA suka sanar cewa ƙwayoyin niyutirino, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, da aka harbo daga cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, kusa da Janeba zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita kusan 730, sun riga haske isa da kimanin kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa guda. Da ya tabbata, da ya girgiza ka'idar Einstein, wadda ta ce ba abin da ke wuce haske gudu. Sai suka baje bayanansu a fili suka nemi sauran masana su taya su neman kuskure. A farkon 2012 aka gano wata wayar gilashi mai kai saƙon lokaci ba ta ɗauru da kyau ba. Kunya sun ji ta, amma cikin 'yan watanni gaskiya ta fito domin ba su rufe ƙofa ba.

A nan gida ma darasin yana gabana ban gani ba. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Ana saka ƙasa ko dutse ko abinci a ciki, a yi masa ruwan niyutiron, wato wasu ƙwayoyi na cikin ƙwayar zarra, sannan a auna hasken gama, wani haske da ido ba ya gani, da yake fitarwa a gane sinadaran da ke cikinsa. Wani abokina ɗan fiziks ya gaya mini cewa a irin wannan awon ba a yarda da lamba sai an haɗa da samfurin da an riga an san abin da ya ƙunsa. In na'ura ta kasa faɗin gaskiya a kan wanda aka sani, ba a saurarenta a kan wanda ba a sani ba. Ni ban taɓa yi wa manhajata irin wannan tarkon ba.

Akwai wasu kurakuran da suka ƙara mini wahala. Ban riƙe littafin da nake rubuta kowane gwaji da kwanan wata ba, don haka da aka ce in maimaita, wasu matakan sai da na yi ta lalube. Ku riƙe littafi, ku koyi Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara da kuka yi wa aikinku, tun a zangon farko, ku ajiye kwafin bayananku a wuri fiye da ɗaya. Na kuma raina darasin ƙididdiga, ina ganin iya Python, harshen rubuta manhaja, ya ishe ni, ga shi malamin lissafi ne ya kama ni.

Batun satar dabara kuwa, ƙanena, ƙanwata, ban ce ba a yi ba. Amma a matakinmu, haɗarin ka gina kundi a kan kuskure ya ninka haɗarin sata nesa ba kusa ba. Ka zaɓi mutum biyu da ka yarda da amanarsu da kaifin idonsu, ka ba su aikin tun yana ɗanye, ka ce su nemo inda ya karye. Ka kai wa malaminka abin da ya nema ko da a hargitse yake. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na koma zauruka da sabuwar takarda. Wannan karon sai da na tara marubuta 40, har da malamai mata masu karantarwa a cikin gidaje, kuma na ware na gwaji kafin in taɓa hoto ko ɗaya. Abokiyar karatun nan tawa ita ta fara duba rabon kafin in kunna komai. Na ƙare da kashi 84. Da na zauna ina bin baƙaƙen da na'urar ta kasa, ɗaya bayan ɗaya, sai na ga yawancinsu masu ɗigo ne, wato baƙaƙen ba da nun da ya, a hannun marubutan da alƙalaminsu ke ɗibar tawada da yawa har ɗigon ya manne da jikin baƙin. A kan wannan na rubuta babi na biyar, kuma shi ne babin da dattijon ya fi daɗewa a kai ranar da na kare kundin.