Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwana Biyu a Bakin Tekun Kolambo

Makon jiya mun tsaya a inda aka gama duba duwatsuna a kasuwar Beruwala ta ƙasar Siri Lanka, aka ce rabinsu sun yi duhu, sai an gasa su a wuta kafin su yi daraja. Shekara uku ina bin masu haƙa a ƙauyukan Jama'a, kudancin Kaduna, ina tara safayar nan, wato wani dutse mai daraja da ake ado da shi, ɗaya-ɗaya. Filin gadona na sayar na yi kuɗin jirgi zuwa Siri Lanka. Sai ga tayi ko uwar kuɗi bai kai ba. A 2012 ke nan.

Dattijon da ya sauke ni Musulmi ne ɗan ƙasar, ya sha zuwa Najeriya sayen dutse. Ya lura na daina cin abinci. Bayan asuba ya ce in haɗa jakata. "Malam, mai ɓacin rai ba ya ciniki. Je ka huta, dutse ba ya ruɓewa." Ya haɗa ni da ɗansa zuwa Kolambo, birni mafi girma a ƙasar, ya biya mini kwana biyu a otal ɗin Galle Face. Har gobe ina sa shi cikin addu'a.

Tun 1864 otal ɗin yake tsaye, lokacin Turawan Ingila na mulkin tsibirin suna kiransa Silon. Na lissafa a raina: shekara sittin da fara jihadin Shehu, saura shekara talatin da tara Turawa su shiga Kano. Ginin doguwar baranda gare shi, rufin can sama, matakalar katako tana ƙara idan ka taka. A ciki an ajiye wata ƙaramar mota ƙirar 1935, motar farko da Yarima Filib, mijin marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya mallaka sa'ad da yake sojan ruwa a tsibirin. Na duba ta na wuce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai tsaron ƙofa. Wani tsoho ne siriri mai farin gashin baki, sanye da farar riga da aka jera wa bajoji a ƙirji, kyautar baƙi daga ƙasashe daban-daban. Sunansa Kuttan. Daga Kerala ta Indiya ya ƙetaro yana saurayi, ya kama aiki a otal ɗin a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ranar da na gan shi ya haura casa'in, shekararsa saba'in a gida ɗaya. Na fito daga mota da jakar da zif ɗinta ya lalace, na ɗaure ta da igiya, ga wani Bature a gabana da akwatunan fata. Tsohon nan ya haɗa tafukansa ya ce wa Baturen "Ayubowan", gaisuwarsu ta fatan tsawon rai, sannan ya juyo ya yi mini irinta sak, bai rage komai ba, bai kalli igiyar ba. Wallahi tun saukata ƙasar, sai a lokacin na ji ni mutum ne, ba ɗan tallan dutse ba. A 2014 na ji labarin rasuwarsa, na yi jimami kamar na rasa ɗan'uwa.

Da magariba ta kusa na shimfiɗa sallaya na fuskanci gabas, kamar yadda na tashi na ga ana yi. Wani ma'aikaci Musulmi da ya kawo mini tawul ya ce a'a, nan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Ya juya mini sallayar sai ga ni ina kallon Tekun Indiya ta taga, rana ta yi jajir tana shigewa ruwa. Makka tana bayan ruwan nan, Inna ma tana can gaba da ita. Mu da ko a zance "gabas" muke cewa idan ana nufin alƙibla! Na daɗe a sujadar ƙarshe.

Bayan isha na fita filin Galle Face da ke jikin otal ɗin. Yara na ta guje-guje, masu tuya na soya wani abu kamar ƙosai da jatan lande a kansa. Na sayi uku, abincina na farko na kirki cikin kwana huɗu. Daga nan na kira gida.

"Inna, ciniki bai yi ba."

"Lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau, Inna."

"To, ai ba a gama ba. Wane ƙara nake ji haka?"

Na ɗaga wayar sama don ta ji igiyar ruwa tana dukan katanga. Ba ta taɓa ganin teku ba. Ta ce, "Ikon Allah."

Daren nan ƙarar ruwan ta hana ni barci. Na kwance ƙullin duwatsun a kan farin zanen gado, na ware masu duhun gefe guda, guda goma sha ɗaya. Gasawa kasada ce, dutse na iya haske, yana kuma iya tsagewa a rasa shi gaba ɗaya. Da safe ina shan shayi a baranda, hankaki yana ta shawagi kan burodina, na hango tsohon nan ya riga ya tsaya a ƙofarsa. Na ɗauki waya na kira dattijo na ce, "Alhaji, a hura wutar, na yarda."

Yadda duwatsun suka fito daga wuta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.