Aikina ba ya ƙarewa ranar da na sauko daga tsani

Asalin sana'ata wayarin ce. Na koya a hannun maigidana a France Road da ke Sabon Garin Kano, na yi shekaru ina hawa silin ina jan waya kafin Allah Ya hore mini nawa ɗan shagon. Yanzu ni da yara uku ne. Muna wayarin gida, muna haɗa sola da inbata, sannan akwai wani aiki da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba amma shi ya fi tsaya mini a rai: kafa na'urar da ke yin ƙara idan ta shaƙi hayaƙi, da 'yar'uwarta mai gano iskar guba. A shago alam muke ce musu.

Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016, 'yan kasuwa sun yi ta tambayata tukunyar kashe wuta don shagunansu. Gida kuwa, inda iyalin mutum suke kwana, ba wanda ya tambaya. Ni ma ban ɗauki abin da zafi ba sai wani hunturu da aka kira ni gyaran soket a Kurna.

Ɗakin mai jego ne. An rufe taga ruf, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ga kurfoti cike da gawayi ya yi jajir a gefen gado don kada jariri ya ji sanyi. Maigidan ya ce in yi haƙuri da duhun ɗakin, matarsa ce ba ta da lafiya, kwana uku ke nan ciwon kai da jiri da tashin zuciya, har ya sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis bai yi ba. Ban gama kwance soket ɗin ba na ji kaina ya soma sarawa. Na ajiye sukundireba na ce, "Maigida, don Allah a fitar da gawayin nan yanzu, a buɗe ko'ina, a kai ta asibiti ita da jaririn." Surukarta da ke zaune a tsakar gida ta ce, "Yaro, ai haka muka yi namu jegon." Na rusuna na ce, "Gaskiya ne Inna, amma ɗakunanku na zamanin da, iska tana samun hanya. Wannan siminti ne da tagar gilashi, abin da ya shiga ba ya fita." Allah Ya sa suka ji. Daga baya maigidan ya same ni a shago ya ce sun warware.

Abin da ya cika ɗakin nan shi ne kabon monoksaid, wato iskar gubar da na ambata. Ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari balle mutum ya ankara. Duk abin da ke ci da wuta bai samu wadatacciyar iska ba yana fitar da shi: gawayi, risho, itace, uwa uba janareta. Idan ya shiga jini, yana kama shi fiye da yadda iskar numfashi ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Wanda yake farke zai ji ciwon kai da kasala. Mai barci kuwa zarcewa yake yi. Shi ya sa hankalina ke tashi idan na ga an shigo da ƙaramin janareta cikin baranda ko ƙarƙashin bene don tsoron ɓarawo ko ruwan sama. Wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa tana kallon wani gefen. Na san ba kowane gida a cikin gari ke da wannan filin ba, to a nan nake dagewa sai an sa alam a ɗakin kwana.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sayi guda ɗaya ya ɗauka ta gama komai. Ta hayaƙi ba ta jin kabon monoksaid, ta kabon monoksaid ba ta jin yoyon gas ɗin girki, sai dai in an sayi wadda aka haɗa biyu a ciki. Ta hayaƙi a silin nake kafa ta, nesa da bango kamar santimita 30, nesa da fanka kuma, don fanka tana kore hayaƙin. Ba na sa ta a kicin. Can akwai wata mai jin zafi kawai, wadda ke ƙara idan ya kai wajen digiri 58. Ta gas ƙasa-ƙasa ake sa ta saboda gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. Wannan duk aikin awa ɗaya ne, yarona ma zai iya.

Wahalar tana zuwa ne bayan mun tafi, kuma turaren wuta ne ke kawo ta. Wace matar Kano ce za ta share ɗaki ta goge ba ta sa kasko ba? Da hayaƙin ya kai silin sai na'urar ta ɗauka, ƙararta kuwa ba ta wasa ba ce, an yi ta ne don ta ta da mai barci mai nauyi. Sau ɗaya, sau biyu, a na uku sai a aiki yaro ya hau kujera ya zare batirin. Na koma wani gida a Hotoro bayan wata biyar, na ɗaga kai na ga na'urar tana nan fes a silin, na danna maɓallin gwaji, shiru. Na buɗe, wayam. Hajiya ta ce, "Malam, abin naka ne ya hana mu sakat, ko baƙi na yi sai ya yi ta ihu." Ban ga laifinta ba, laifina ne da na kafa ta daidai inda take ajiye kasko ban tambaya ba. Na mayar da ita hanyar da ke tsakanin ɗakunan kwana, na nuna mata maɓallin da ke yi mata shiru na 'yan mintoci. Tun daga ranar, kafin in ɗauko tsani sai na nemi izini na tambayi uwargida inda take turare da inda ake kunna maganin sauro. Maigida ne ke biya, amma ita ce ke wuni da na'urar.

Sai ƙurar hunturu. Tana shiga ta ƙananan ramukan ta kwanta a ciki, ko dai ta sa na'urar ƙara babu dalili, ko ta dakushe ta. Buroshi mai laushi ya ishe ta, ban da ruwa, ban da fenti. Na sha ganin mai fenti ya bi ta kai ya toshe ta gaba ɗaya. Batirinta mai ƙarfin bolt 9 a canza shi duk shekara, kuma idan aka ji tana "ƙit" kusan duk minti ɗaya, batir take nema, ba lalacewa ta yi ba. Akwai masu batirin da aka rufe a ciki mai kai shekara 10, su na fi ba mutane shawara don ba a iya zare shi a sa a rediyo. A danna gwaji duk wata. Ita kanta na'urar tana tsufa: ta hayaƙi shekara 10, ta iskar guba sau da yawa 5 zuwa 7, kwanan watan yana rubuce a bayanta. Idan zan saro kaya, nan nake fara dubawa, sannan in nemi lambar shaidar inganci: EN 14604 a jikin ta hayaƙi, EN 50291 a jikin ta iskar guba. Wadda ba ta da ko ɗaya ba na saye, komai arharta.

Wasu kan ce mini ai komai na Allah ne. Haka ne, ba musu. Ni dai ina tuna musu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida lokacin da za a yi barci. Ina kuma roƙonsu abu ɗaya da ba ya cin ko sisi: makullin ƙofar ƙarfe ya zama yana da wuri guda da kowa ya sani, har yara. Tagoginmu duk ƙarafuna ne, idan alam ta tashe ka cikin hayaƙi ƙofar nan ce kaɗai mafita. A fita tukuna, sannan a kira 'yan kwana-kwana.

Ina da wani littafi a shago, kowane gida da ranar da na kafa musu da ranar da na'urar za ta ƙare. Da Nuwamba ya kama, iska ta fara juyawa, sai in zauna bayan la'asar in bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Wasu su ce in turo yaro, wasu su ce sai wani satin. Wanda ya ce komai lafiya, nakan ce, "Alhaji, taimaka ka danna mini ita yanzu in ji." Sai in riƙe wayar a kunne ina jira.