Kofin al'ada: abin da muke faɗa wa mace kafin ta biya kuɗi

Shagonmu na kayan tsaftar mata yana Sabon Gari a Zariya, kuma a cikin duk kayan da ke kan kanta babu wanda ke cin lokacinmu kamar kofin al'ada. Audugar mata miƙawa kawai ake yi a karɓi kuɗi. Kofi kuwa sai an zauna da mai saye, domin yawancin waɗanda suka saya suka jefa shi cikin durowa, girman da bai dace ba aka ba su, ko kuma ba a nuna musu yadda ake cire shi ba. Shi ya sa ba ma ba ɗan aike. Idan maigida ko ƙanin miji aka turo, sai mun yi magana da Hajiyar ta waya tukuna.

Kofin al'ada ɗan ƙoƙo ne mai siffar ƙararrawa, ana sa shi a cikin farji ya tari jinin maimakon ya tsotse shi kamar yadda ƙunzugu ko auduga ke yi. Abin ya daɗe: wata Ba'amurkiya mai suna Leona Chalmers ta yi rajistar irinsa tun 1937. Na yanzu galibi da silikon na asibiti ake yin su, akwai kuma na robar latex, wanda ba ma sarowa saboda wasu matan jikinsu ba ya karɓar ta. Sassansa huɗu ne: baki mai ɗan kauri, ƙananan huji a ƙarƙashin bakin, gindi mai zane-zane don yatsa ya samu kamu, sai jela. Yawanci yana ɗaukar mililita 20 zuwa 30, wasu ma da layin awo a jiki.

Wajen saro kaya muna duba lambar NAFDAC da sunan kamfani a kwali, mu buɗe guda ɗaya mu shafa bakinsa ko akwai kaifi, mu ɗaga shi a haske mu ga ko hujin sun fita sarai. Wanda ke warin roba mai ƙarfi ba ma karɓa komai arharsa. Kofin da aka buɗe kuma ba ya dawowa shago, don haka gara a daɗe wajen zaɓi.

Kamfanoni kan yi girma biyu. Ƙarami, mai faɗin baki wajen milimita 40 zuwa 43, na wadda ba ta kai shekara 30 ba kuma ba ta taɓa haihuwa da kanta ba. Babba, wajen 45 zuwa 47, na wadda ta haihu ko ta wuce talatin. Wannan ƙa'idar kwali ce, kuma a nan garin da yarinya 'yar ashirin da biyu kan zo da goyo na biyu, haihuwa muke tambaya kafin shekaru. Abin da kwali ba ya faɗi shi ne tsayin bakin mahaifa. Muna ce wa mace ta wanke hannu a rana ta farko ko ta biyu ta al'adarta, ta sa yatsa ta lalubo shi, za ta ji shi kamar kan hanci. In ta taɓa shi a gaɓar farko ta yatsa, yana ƙasa, gajeren kofi take buƙata. In yatsa ya shige duka da ƙyar ta kai, dogo za ta saya. Taushi ma abin dubawa ne: mai tauri ya fi saurin buɗewa a ciki, amma yana iya danne mafitsara mace ta riƙa jin fitsari a kai a kai.

Kafin a fara amfani da shi, a dafa shi minti 5 zuwa 10 a ruwan da ya sha kansa sosai, a tukunyar da aka ware masa, ana juyawa da cokali kada ya kwanta a gindin tukunya ya ƙone. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu. Wadda ta yi jajjagen attarugu ta wanke har sau biyu, ta ɗan jira. Wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

Naɗi biyu muke koyarwa. Na farko a matse bakin ya haɗu, a ninka shi biyu ya koma kamar baka. Na biyu a danna gefe ɗaya na bakin zuwa cikin kofin da yatsa, sai kan ya tsuke. Wannan ya fi sauƙi ga sabuwar shiga. A tsuguna, a jiƙa kofin da ruwa mai tsafta, a tura shi ta wajen baya, wajen ƙashin gindi, domin haka hanyar ta karkata. Masu tura shi sama a miƙe su ne ke dawowa da ƙorafin zafi. Idan ya shiga a sake shi ya buɗe, a zagaya gindinsa da yatsa. In an ji lotsawa bai buɗe ba, a kama gindin a murza shi kaɗan. Jela in tana suka, a fito da kofin a rage ta da almakashi kaɗan-kaɗan, kada a datse duka rana ɗaya. Basilin, man kaɗanya da man gyada ba a shafa masa.

Cirewa ita ce inda tsoro yake. Jelar ta lalube ce kawai, ba a jan kofi da ita. A tsuguna, a ɗan yi yunƙuri har gindin kofin ya sauko, a matse gindin da yatsa biyu iska ta shiga ta hujin nan, sannan a zaro a hankali ana karkaɗa shi hagu da dama, bakinsa na kallon sama. In aka ja ba a sako iskar ba, zai tsotsi bakin mahaifa, kuma da ciwo. Kofi ba ya ɓacewa a ciki, babu inda zai wuce. Wadda ta kasa kamo shi ta huta minti goma jiki ya saki, ta sake gwadawa. Masu masai na rami kuma su matsa gefe kafin su cire, don kofi da santsi, in ya faɗa shadda ya tafi ke nan.

Kada ya wuce awa 12 a jiki. A ranakun da jini ya yi yawa, kowane awa 4 zuwa 6 ake juyewa. Fitsari ba ya buƙatar a cire shi, hanyarsa daban, kuma kusan kowa sai ta yi mana wannan tambayar.

Ruwa shi ne babbar magana a Zariya. Famfo ba kullum ba, ruwan 'yan garuwa kuma ba ka san daga ina aka ɗebo ba. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo da ke haɗa banɗaki muna ce musu su shiga da fiya wata guda, leda ɗaya ta isa ɗauraye kofi da hannu. A fara da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama jini ya bar tabo. Sabulu marar ƙamshi ya wadatar. Dettol da Hypo ba na wannan aiki ba ne. Hujin in sun toshe, a cika kofin da ruwa, a kife tafin hannu a bakinsa, a matse, ruwan zai fesa ta cikinsu. Yoyo kusan kullum ɗayan huɗu ne: bai buɗe ba, huji sun toshe, ya cika, ko bakin mahaifa ya zauna a gefen kofin maimakon a cikinsa. Wata biyu ko uku na farko a haɗa da ƙaramar auduga har hannu ya faɗa, mu kuma mukan tuntuɓi mai saye ta WhatsApp bayan al'adarta ta farko mu ji inda ta maƙale.

Akwai waɗanda muke mayarwa. Mai jego ba ta sa shi don jinin biƙi. Wadda aka sa wa robar tsarin iyali a mahaifa ta fara ganin ungozoma ko likita, don tsotson kofi na iya jawo zaren robar. Mai ƙaiƙayi ko fitar ruwa mai wari ta yi magani tukuna. Iyaye kuma kan tambaya game da budurwa, mukan gaya musu gaskiya: kofi na iya miƙar da tantanin budurci ko ya yaga shi, don haka a yi shawara a gida, in ba a natsu ba akwai audugar yadi da ake wankewa. Game da tsarki, kada mace ta dogara da ganin kofi babu jini. Ta cire shi ta duba da farin ƙyalle ko auduga kamar yadda ta saba kafin ta yi wanka.

Akwai wani ciwo da ba kasafai ake samu ba amma yana da haɗari, inda gubar ƙwayoyin cuta ke shiga jini, musamman in abu ya daɗe a ciki. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai, gudawa, jiri ko ƙuraje jajaye alhali kofi na jiki, kada a ce maleriya ce ko taifod a nufi kemis. A cire shi, a tafi asibiti, a faɗa wa likita an yi amfani da kofi.

In al'ada ta ɗauke a sake dafa shi, ya bushe, a sa shi a 'yar jakar yadin da ya zo da ita, domin leda da roba mai murfi suna riƙe danshi su kawo wari. Kamfanoni da yawa na cewa yana kai shekara goma. Canza launi ba lalacewa ba ce, amma in ya fara danƙo, ya tsage, ko yana fitar da gari-gari, lokacin sabo ya yi ko da shekara biyu kawai ya yi.