Waƙar da Na Hana Mai Ita Rerawa

A ƙarshen 2021 na fara rubuta labarin Keith Jesperson, wani makashin mata a Amurka, da Hausa, kashi-kashi, don masu bibiyar rubutuna a Facebook. Kafin nan labaran soyayya da na zaman kishi nake yi, waɗanda ni ke haifar mutanen cikinsu, ni ke kashe su in na ga dama. Wannan ne karon farko da na taɓa abin da ya faru da gaske, mai gawa, mai kabari, mai dangin da har yau suna raye. Na yi masa lissafin wata biyu, amma ban ajiye shi ba sai a farkon 2024.

An haifi mutumin a Chilliwack ta ƙasar Kanada a 1955, daga baya iyayensa suka koma jihar Washington a Amurka. Ƙato ne, tsawonsa kimanin mita 2, sana'arsa kuma tuƙin tirela mai doguwar tafiya. Daga Janairun 1990 zuwa Maris na 1995 mata takwas hukumomi suka tabbatar ya kashe, a Oregon, da Washington, da Kalifoniya, da Wyoming, har can Fulorida a ɗaya kusurwar ƙasar. Yanzu yana gidan yarin jihar Oregon da ke Salem, ɗaurin rai-da-rai.

Abin da ya ja ni gare shi tun farko shi ne yana rubutu. Ya taɓa rubuta ikirarin kisa a bangon bayin wata tasha a jihar Montana. A 1994 ya aika wa jaridar The Oregonian doguwar wasiƙa ba suna, yana zayyana matan da ya kashe, ya zana fuska mai murmushi a jiki. Daga nan ne ɗan jarida Phil Stanford ya laƙaba masa sunan da aka fi saninsa da shi, makashi mai fuskar murmushi. Bayan an kama shi ma bakinsa bai mutu ba, duk mai son hira yana samu. Ga marubuciya wannan dafaffen abinci ne. Na ce wa kaina ai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, na gina kashi huɗu na farko a kan maganganunsa: ƙuruciyarsa, aurensa da ya mutu, abin da ya ce ya ji a ransa. Masu karatu suka yi ta cewa in ci gaba, ni ma ina jin daɗin saurin da alƙalamin ke yi.

Da na zo kashi na biyar ne na tsaya cak, wato da na zauna in fahimci shari'ar Taunja Bennett tiryan-tiryan. Ita ce ta farko. Shekarunta 23, ya haɗu da ita a wata mashaya a Portland, aka tsinci gawarta a gefen wata hanya kusa da kwazazzabon kogin Columbia. Ba wanda ya kawo shi a zato. Sai wata dattijuwa, Laverne Pavlinac, da ta gaji da zama da saurayinta John Sosnovske, tana neman hanyar rabuwa da shi, ta ga labarin a kafafen yaɗa labarai ta je ta ce wa 'yan sanda shi ne ya yi kisan. Da ta ga maganar ba ta kama ba, ta ƙara mata gishiri, har ta saka kanta a ciki ta ce tare suka yi. Daga baya ta janye a gaban kotu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1991 aka ɗaure su duka biyun. Shi Sosnovske bai ma ja da tuhumar ba, saboda tsoron hukuncin kisa.

To a nan ne na sake karanta wasiƙun Jesperson da wani ido. Ni dai ban ga nadama a cikinsu ba, ban kuma ga tausayin mutum biyun da ke kwana a kurkuku a kan laifinsa ba. Abin da na gani shi ne mutumin da ransa ya ɓaci don an ba wasu abin da yake ganin nasa ne. Yana so a san da shi, a ji labarin yadda shi ya tsara, shi ne a tsakiya, matan kuma a gefe kamar kayan da ya sauke a hanya. Abin da ya rasa kawai mai rubuta masa. Ni kuwa daga Kano, ba tare da ya roƙe ni ba, na zama magatakardarsa da harshen da bai taɓa ji ba. A daren nan ban runtsa ba. Washegari na sauke kashi huɗun duka, na ba masu karatu haƙuri, na gaya musu dalili.

Da na sake farawa, ƙa'idar da na kafa wa kaina daga shari'ar nan na samo ta. Ikirarinsa kaɗai bai fitar da Pavlinac da Sosnovske ba. Sai da ya kwatanta wurin da ya jefar da jakar Taunja, aka je aka same ta, sannan aka sake su a Nuwamban 1995. Hukuma ta riga ta ƙone a kan ikirarin ƙarya sau ɗaya, ba za ta sake karɓar magana tsurarta ba. Na ce to ni ma haka. Duk abin da ya fito daga bakinsa kaɗai, ko in bar shi, ko in liƙa masa “in ji shi”. Akwai lokacin da ya yi iƙirarin ya kashe mutum fiye da 150. Wannan adadi na taɓa sa shi a kan wani kashi don ya ja ido. Na cire. Takwas aka tabbatar, takwas na rubuta.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hannuna da ya saba da ƙagaggen labari. Na riga na rubuta hirar Taunja da shi a mashaya, har da dariyarta, har da abin da take tunani da ta shiga motarsa. Duk ni na ƙaga. Hirar ta yi kyau, shi ya sa goge ta ya yi min ciwo. Amma yarinyar nan 'yar wasu ce, kuma mutum ɗaya ne kawai ya ji maganarta ta ƙarshe, shi ne wanda ya kashe ta. Ba ni da haƙƙin cike gurbin da muryata, haka kuma ba zan cike shi da tasa ba. Na bar wurin a buɗe.

Kashin da ya shafi tirelar kanta kuwa, kawuna ne ya gyara min shi. Ya shekara fiye da ashirin yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Na je gaishe shi wata Juma'a na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To 'yata, ina yaron motarsa yake duk wannan abu?”

Na ce, “Kawu, ba shi da yaron mota. Can yawanci direba shi kaɗai yake tafiya, gadonsa ma yana bayan kujerarsa a cikin kan motar.”

Ya yi shiru, ya girgiza kai. “Shi ke nan. Mu in ka tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos, yaronka ya gan ka, mai shayi ya san ka, 'yan'uwanka direbobi sun san motar wa ce. Wannan ɗaki ne aka ba shi mai taya, ba shaida.” Sai kuma ya ɗaga min yatsa. “Amma ki ji tsoron Allah. Yadda kika rubuta nan, wanda ya karanta zai ɗauka duk mai jan tirela haka yake. Da wannan sitiyarin na biya wa uwarki kuɗin makaranta.”

Gaskiyarsa ne. Na koma na duba sai na ga na yi ta rubuta “direbobi” a inda ya kamata in rubuta “hanya”. Aikin ba shi ke mai da mutum makashi ba. Amma wanda zuciyarsa ta riga ta ɓaci, aikin yana ba shi mafaka: ya ɗauki mace a wannan jiha, ya kashe ta a waccan, ya yar da gawar a ta uku, kafin gari ya waye ya yi ɗaruruwan kilomita. 'Yan sandan gundumar da suka tsinci gawa ba su san ta ba, waɗanda aka kai wa cigiya kuma ba su ga gawa ba. A 2004 ne wata mai nazarin laifuka a hukumar bincike ta jihar Oklahoma ta lura ana yawan tsintar gawarwakin mata a yankunan da ke kewaye da babbar hanyar I-40, a Oklahoma da Texas da Arkansas da Mississippi. Daga nan hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta kafa shiri na musamman kan kashe-kashen manyan hanyoyi. Da ta bayyana shi ga jama'a a 2009, ta ce ta tattara bayanan mamata fiye da 500 da waɗanda ake zargi kusan 200, akasarinsu direbobin doguwar tafiya. Lokacin Jesperson babu wannan haɗin bayanai. Shi ya sa ba a kama shi ba sai da ya kashe Julie Winningham a Maris na 1995, budurwarsa ce, kuma mutane sun san suna tare. Kafin ya shiga hannu ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa ya amsa kisan mutum takwas, ɗan'uwan ya miƙa ta ga 'yan sanda.

Akwai mai karatu da ya rubuto min cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: me ya kai mace shiga motar baƙo? Maganar ta tsaya min a wuya kwana da kwanaki. E, wasu daga cikin matan zaman kansu suke yi a wuraren da manyan motoci ke yada zango, wasu kuma rage hanya kawai suka nema. Amma irin wannan tunanin ne makashin ya jingina da shi, ya zaɓi waɗanda yake ganin in sun ɓata ba mai ta da jijiyar wuya. Daga nan na daina ambaton sana'ar kowacce sai a wurin da zai bayyana dalilin da ya sa aka yi jinkirin nemanta. Haka na yi da bayanan azaba. Abin da ya yi wa gawar Angela Subrize, mai shekara 21, don kada a gane ta, an rubuta shi a wurare da yawa. Jimla ɗaya na ba shi, duk da akwai masu roƙon in buɗe.

Ina tsakiyar aikin labarin ya motsa a hannuna. A Afrilun 2022 aka sanar an gano ko wace ce matar da aka tsinta a 1993 a gefen hanya ta 152 a Kalifoniya, wadda aka yi kusan shekara 29 ana kiranta da launin shuɗin tufafinta da sunan wurin. Gwajin ƙwayoyin halitta da bin salsalar dangi ya nuna Patricia Skiple ce, uwa, 'yar jihar Oregon. A Oktoban 2023 kuma aka gano wadda aka tsinta a gefen I-10 a Fulorida tun Satumban 1994: Suzanne Kjellenberg, shekarunta 34. Shi cewa ya yi yana jin sunanta Susan ko Suzette. Ranar da na goge “wata mata” na sa cikakken sunan Patricia, sai da na yi kuka a gaban kwamfuta.

Saura ɗaya. An tsince ta a Agustan 1992 kusa da garin Blythe, a hamadar Kalifoniya. A Janairun 2024, lokacin da nake rufe rubutun, hukumomin gundumar Riverside suna roƙon jama'a su taimaka a gano ta. Ana kiranta Claudia, amma shi ne ya ce haka ta gaya masa. Kashi na ƙarshe nata ne, bai cika shafi biyu ba. A samansa na rubuta wurin da aka same ta, da watan, da shekarar, layin suna kuma ban sa komai ba.